Gargaɗi Ga Mutanen Geza Da Kewaye: Ana Sayar Da Iska A Cinikin Mota

Jama'ar Geza, Tsamiya, Ka'oje, Lolo, Illo, Zagga da cikin garin Bagudo, duk mai niyyar sayen mota a kakar bana ya dakata ya ji wannan kafin ya kwance bakin jaka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Shinkafa ta shigo gida, albasa na tafe, an fara kora shanu kasuwa, kuɗi sun fara kwana a hannun mutane, dillalan mota kuwa sun fi mu sanin wannan lokaci. Ba a kan farashin mota nake jan kunnenku ba. Mutumin da ya tashi cikin cinikin bijimi ba a koya masa tayi. Inda ake yanka mutane yanzu shi ne bayan mai kaya ya ce ya sallama, an sha hannu, zuciya ta kwanta, sannan a jawo wata takarda a ce ga 'yan ƙananan abubuwan da aka ƙara wa motar.

Kawuna ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bara ya sayar da shinkafarsa da bijimai biyu, ya tafi birni ya sayo ƙaramar mota 'yar Kwatano, irin wadda muke kira sabuwa don dai sabuwa ce a hannunmu. Ya yi ciniki irin na manya, ya rage abin da ya rage. Yana shirin ƙirga kuɗi sai dillali ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Alhaji, ai mota irin wagga ba a hita da ita tsirara. Mutum kamarka, a ce ka shiga gari ba baƙin gilashi? Ga talabijin mun sa mata gaba, ga tiraka saboda ɓarayi, taya huɗu mun ɗura musu natirojin, ƙasanta mun heshe da maganin tsatsa, ga kuma 'yar na'ura wadda ka rage shan mai. Duk don girmanka anka yi." Kawu ya ji kunyar a ce ya kasa, ga yaran gareji sun zuba masa ido. Ya biya. Da ya dawo muka zauna muka haɗa lissafi, kuɗin tarkacen nan sun kusa kuɗin ɗaya daga cikin bijiman. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka ce a cire ba?" Ya ce, "Ɗana, sun ce an riga an ɗaura."

Wannan magana ta "an riga an ɗaura" ita ce tarkon. Ku riƙe ta. Abin da ba ka nema ba, ba ka yi cinikinsa ba, ba dole ba ne ka biya shi don wani ya ɗaura.

Mu fara da iskar taya, don ita ta fi ba ni haushi. Iskar da muke shaƙa, wadda mai faci yake ɗura wa taya a bakin tasha, kashi 78 cikin ɗari nata natirojin ne tun daga halitta. Wato tayar babur ɗin ɗan acaɓa ma natirojin ne mafi yawan abin da ke cikinta. Jiragen sama da motocin tsere suna amfani da tsantsarsa saboda dalilansu, amma motar da za ta kai mara lafiya asibitin Bagudo ko ta kai buhu uku kasuwar Tsamiya ba ta da wata riba a ciki da ta kai a biya. Kuma ta yaya za ka gane an ɗura? Koren murfi kawai ake ɗaura wa bakin tayar. Ranar da ƙusa ta huda ta a hanyar Ka'oje, mai facin da zai gyara iskar Allah zai mayar mata.

Kada wani ya ɗauka ƙauyanci ne ya sa ake mana haka. A Amurka, inda yawancin motocin nan suka fito, abin ya yi yawa har hukumar kula da ciniki ta ƙasar, FTC, ta fitar da doka a watan Disambar 2023 don hana dillalai cajin mutane kuɗin ƙarin da ba shi da amfani. Cikin misalan da ta kawo har da tayar da aka ce an cika da natirojin alhali bai wuce na iskar gari ba, da kuɗin juyen baƙin mai da ake karɓa daga mai motar lantarki, wadda ba ta shan baƙin mai ko ɗigo. Ƙungiyoyin dillalai suka garzaya kotu, a watan Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida wajen kafa ta ba. Kafin nan, a 2022, wani rukunin dillalai mai suna Napleton ya amince ya biya dala miliyan 10 kan zargin cusa wa masu saye irin wannan ƙari ba da saninsu ba. Kamfanin BMW ma ya taɓa ƙoƙarin karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna wa mutum ɗumama kujerar da ke cikin motar da ya riga ya saya, sai da mutane suka yi ca, ya janye a 2023. Idan masu hukumomi da lauyoyi suna fama, ina ga manomin da ya je birni shi kaɗai da kuɗi a aljihu?

Na'urar rage shan mai ita ce kasuwarta ta buɗe tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Kala-kala ce. Akwai maganaɗisun da ake ɗaure wa bututun mai, akwai ƙwayar da ake jefawa cikin tanki, akwai ɗan akwatin roba da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari yana ƙyafta wuta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan sama da 100, ba ta sami wadda ta rage shan mai yadda za a yaba ba, wasu ma illa suke wa inji. Ku yi tunani da kanku: da akwai ɗan abin da zai rage shan mai da rabi, Toyota da Honda za su bar shi a kan tiren mai talla? Na Kawu mun fasa shi da dutse. Ƙwan fitila ne guda biyu da 'yar waya. Abin da ke rage shan mai kowa ya san shi, sai dai ba shi da ƙyalƙyali: isasshiyar iska a taya, filogi mai kyau, matatar iska mai tsabta (ga ƙurar hunturu), rage lodi, da sassauta ƙafa.

Wanda kuma aka yi wa tayin mayar da motarsa mai amfani da gas, ya tabbata wurin da hukuma ta amince da shi ne zai yi aikin. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, ba Benin ta maƙwabtanmu ba, aka gano tukunyar ƙirar masu walda ce.

Maganin tsatsa kuwa ya fi iska haɗari, domin shi ba banza kawai ba ne, rufa-rufa ne. A Kanada da arewacin Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfen ƙasan mota. Wasu motocin kuma ambaliya ce ta shanye su, kamfanin inshora ya biya mai su, aka yi gwanjonsu, suka hau jirgin ruwa sai Kwatano. Idan aka feshe ƙasan irin wannan mota da baƙin fenti mai kauri, tsatsa ta ɓuya, walda ta ɓuya, kai kuma ka biya kuɗin abin da aka rufe maka ido da shi. Mu nan ba a zuba gishiri a hanya. Duk motar da ka leƙa ƙasanta ka ga baƙi ƙirin yana sheƙi kamar yau aka shafa, to tambaya ta kama ka, ba biya ba. Ka sa bakanikenka ya shiga rami ya ƙwanƙwasa da ƙarfe. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujera da wurin ajiye safayar taya, ko akwai busasshen taɓo.

Ga abin da ya fi ƙona rai. Yayin da ake liƙa maka abin da ba shi da daraja, sau da yawa an riga an zare mai darajar. A cikin salansar mota akwai wata matatar hayaƙi mai ramuka-ramuka, wadda bakanikai suke kira indomi saboda kamanninta. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada ƙwarai irin su filatinam, shi ya sa take da kasuwa ta musamman. Akan fasa salansa a kwashe ta, a mayar a yi walda. Sai mota ta ƙara ƙara, hayaƙi ya yi wari, fitilar gargaɗin inji ta kama a gaban direba. Maganin fitilar kuma? A cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Haka ake yi wa fitilar jakar iskar da ke kare direba in an yi karo, a motar da ta taɓa haɗari aka ɗinke sitiyarinta ba komai a ciki. Gwajin ba ya cin ko sisi: murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, ta inji, ta jakar iska, ta birki, ta baƙin mai, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wani ne ya rufe mata baki. Haka batir mai kyau, safayar taya, jak da makulli na biyu sukan yi ɓatan dabo tsakanin tashar jirgin ruwa da gareji, tafiyar sama da kilomita 600 ce daga Kwatano zuwa Kandi kaɗai, hannu da yawa ke taɓa mota. Daga baya a sayar maka da madadinsu a matsayin ƙari.

Baƙin gilashi ina roƙon ku da girman Allah ku yi hattara da shi. Tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2025 rundunar ta dawo da maganar izinin, ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara, aka yi ta ɗaga ranar fara kamu. Ko ma yaya shari'ar ta ƙare, dillalin da ya liƙa maka ledar ba zai bi ka shingen bincike ba. Ku dubi inda muke zaune. Tsakanin Geza da Koko shinge nawa ne, na kwastan, na shige da fice, na soja, na 'yan sanda? A wannan hali na rashin tsaro a bakin iyaka, motar da ba a ganin na cikinta, ta tunkari shinge da dare, kowa ya san yadda hankalin mai bindiga yake tashi. Ka biya kuɗi ka sayi tsayawa a kowane shinge, ka sayi zargi, kuma ka rage wa kanka gani da dare a hanyar da shanu da amalanke da yara suke ratsawa. Haka jiniya da fitilu masu walƙiya irin na jami'an tsaro, wanda ya ce zai ɗaura maka su ba masoyinka ba ne.

Tiraka tana da amfani, ba zan yi mata ƙarya ba, amma a san abin da aka saya. Layin waya ne a cikinta. Inda babu sabis ba ta magana, kuma kun san yadda sabis yake a dazukanmu. Idan layin Najeriya ne da ba a buɗe masa aiki a waje ba, ɓarawo na wuce Tsamiya ya nufi Segbana ta yi shiru. Tana bukatar kuɗin sabuntawa, wanda ba a faɗa maka ranar ciniki. Sannan tambayar da ba a yi: wa ke riƙe da lambar sirrinta? Yaron da ya ɗaura ta yana iya ganin inda motarka ta kwana, wasu ma yana iya kashe injin daga wayarsa. In za ka sa, kai za ka zaɓi mai sawa, layin da sunanka, ka canza lambar sirri a ranar.

Talabijin ɗin gaba, manyan lasifika, fitilu masu kashe ido, duk waya ake yankewa a jona su, sau da yawa ba fis. Batir ya riƙa mutuwa da asuba, wani lokacin wuta ta tashi. Manyan wili masu sheƙi da siririyar taya an yi su ne don titin Abuja, ramin farko a hanyar Lolo zai lanƙwasa su. Gara ka duba shekarun tayar: a gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya ta tsufa bayan shekara huɗu da ƙera ta, komai kyan zanenta. Rigar kujera ta ledar da ake kira fata kuwa, a zafin watan Afrilu za ka ba da labari.

Sai kalmar da dillalai suka fi so, ful ofshan, wato mota mai komai da komai. Harafin da ke bayan mota, LE ko XLE, V6 ko 4WD, da gam ake liƙa shi, ana sayar da shi a kasuwar kayan gyara. Akwai kuma sana'a guda ta sauya wa tsohuwar mota fuska, a canza fitilu da bamba da gaba, Hilux ko Land Cruiser ta shekara goma baya ta fito kamar ta bana. Wanda ya yi wa tasa don sha'awa ba laifi, wanda ya sayar da ita da sunan sabon yayi ya ci haram. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A tabbata ta zo ɗaya da ta takarda, a ba yaro mai waya ya bincika ta a intanet. Ga motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shekarar ƙirarta yake nunawa, kuma sau da yawa har hotunan gwanjonta za su fito, ka gan ta yadda take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta. A kula da wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, irin wannan juyi kuwa yakan bar lahani a sitiyari da birki.

Yanzu ga babbar magana, wadda saboda ita na kira wannan gargaɗi. Dillali zai ce, "Kawo kaza mu yi maka takardu gaba ɗaya." Kada ka yarda da dunƙulallen kuɗi. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun ranar 1 ga Janairun 2023, bayan hukumar NAICOM ta ɗaga ta daga 5,000, tana kuma biyan diyyar dukiyar wani har naira miliyan 3. Babur 3,000 ne, Keke Napep 5,000. A sanarwar hukumar, kuɗin ya haɗa da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda mu masu shiga Segbana da Kandi da Malanbil muka fi kowa bukata, sai ka nemi kamfanin ya ba ka shi. Inshorar bogi ta cika gari. Danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, in ba ta fito ba, takarda kawai ka saya.

Takardar kwastan ita ce ran mota a wannan yanki. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashar jirgin ruwa. Mu da muke bakin iyaka mun san hanyoyin da mota ke bi da dare, ba sai an faɗa ba. Wanda ya sayi irin wannan da takardar da aka buga a shagon kwamfuta, ranar da kwastan suka tare shi ba ruwansu da nawa ya biya, ba ruwansu da talabijin ɗin gaba, motar za su tafi da ita. A 2024 hukumar ta ba da wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su biya fito, wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yawansu. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ɗauki kwafin takardar da lambar shasi ka kai ofishin kwastan na Birnin Kebbi a duba. Dillalin da ya ce babu lokaci, wani Alhaji na zuwa da kuɗi da la'asar, ka bar wa Alhajin. Ba a cinikin biri a sama.

Dillalai za su ce maka sefa ce ta tashi. Gaskiya ne, sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa an sake ta tun watan Yunin 2023, kowa ya ji a jikinsa. Amma wannan hujjar kuɗin mota ce. Ledar gilashin da yaro ya liƙa a bayan gareji cikin rabin awa ba da sefa aka biya shi ba.

Masu karɓar mota ko babur ko Keke Napep a kan biya kaɗan-kaɗan, ku naku ya fi ciwo, domin ƙarin cikin uwar bashi ake zuba shi, riba ta hau kansa. Tabarmar ƙafa da murfin sitiyari sai ka shekara biyu kana biyansu. Haka garantin baki, "in ta yi wani abu ka dawo da ita." A rubuta: wata nawa, inji ne ko giya, wa zai biya kuɗin aiki, a gareji wanne. Malamanmu na ƙasar Gwandu sun daɗe suna karantar da cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana yaudara a ciniki. Sai dai alƙali da hukuma duk shaida suke nema, shaida kuwa rasit ne mai ɗauke da kowane abu da kuɗinsa daban, da mutum biyu da suka ga ciniki.

Saboda haka kada kowa ya tafi shi kaɗai. Tafi da bakanikenka na gida, wanda kai ka biya masa kuɗin mota, ba wanda dillali ya nuna maka ba, don wannan yana da la'adarsa a ciki. Tun kafin tayi ka ce, "Kuɗin da zan fita da ita ƙofar nan nake so a faɗa mini, ba ƙari." In an kawo takardar ƙari, ka ce a cire. In sun ce ba ya ciruwa, ka ce to kyauta ce, ka gode. In sun ƙi, ka sa takalminka. Kuɗin da ka tsirar ka sa su a taya sababbi, birki, juyen baƙin mai, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda dama su jami'an hanya suke tambaya. Limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha, don Allah a sanar da wannan ranar Juma'a da ranar kasuwa, kafin kuɗin shinkafa su bar gari.

Motar Kawu tana nan ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa. Talabijin ɗin ya mutu tun kafin azumi, tirakar ta daina magana da kuɗinta suka ƙare, ledar gilashin shi da kansa ya ɓare ta da reza bayan an tsare shi sau uku a rana ɗaya. Jibi za mu tafi Birnin Kebbi da takardar kwastan ɗinta, wadda sai yanzu muka lura lambar shasin da ke jikinta ta bambanta da ta motar da harafi biyu.